Wai Boko Damfara Ce? Ku Zo Mu Tambayi Dutsen Kalambaina

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune wurin mai shayi a bakin titin Kalambaina, tireloli na ta wucewa ɗauke da siminti, sai ƙanen wani abokina ya miƙo min wayarsa. Bidiyo ne a TikTok. Wani matashi ya ɗaga takardar digirinsa sama, ya nuna wa duniya, sannan ya naɗe ta kamar ta mai ƙosai ya zuba gyaɗa a ciki. Mutane dubbai sun danna masa alamar so, masu sharhi kuwa kowa na faɗin abu ɗaya.

"Yaya, ka gani ko?" in ji yaron. "Boko damfara ce, wallahi."

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai shi ne, yaron nan ya samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gurbin da dubban yara ke nema ido rufe ba su samu ba, shi ya samu, amma yana tunanin ya bar shi. Wai a ƙyale shi da danne-dannen wayarsa, mainin yake yi, in ta fashe ya huce haushi.

Kafin in buɗe baki, sai Baba mai shayi ya riga ni. Ya ce, "Ni dai ku gaya man, ku da kuka zuwa can Dundaye, mi kuka yi ciki? Shekara huɗu, ku komo ku zamna nan kuna shan shayi bashi."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Amma da na koma gida na kwanta, sai na ga tambayar Baba ta fi bidiyon nauyi. Me ake yi a cikin jami'a? In amsar ita ce ana buga takarda ne a miƙa wa mutum ya je ya nemi aiki, to mai bidiyon gyaɗa yana da gaskiya, domin aikin ya yi ƙaranci. Ni kuwa ina ganin ba wannan ce amsar ba, kuma rashin sanin amsar ta gaskiya shi ne babbar asarar da muke tafkawa, mu matasa.

Mutum 93 suka fara

Mu fara da tarihi, tunda da yawanmu mun shekara huɗu ko biyar a makarantar nan ba mu san yadda aka yi ta zo ba.

A watan Satumban 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato, cikin jerin sabbin jami'o'in da aka samar a lokacin da kuɗin mai ke shigowa, irin su Maiduguri, Jos, Kalaba da sauransu. A lokacin ma ba a ƙirƙiri Jihar Sakkwato ba tukuna, sai a Fabrairun 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma. Ke nan jami'ar ta girmi jihar da take ciki.

Ba a fara karatu nan take ba. Sai a watan Oktoban 1977 aka shiga aji, a mazaunin wucin gadi da ke cikin gari, da ɗalibai 93 da malamai 33. Ka tsaya ka auna wannan. Ɗalibai 93 duka jami'a! Yau aji ɗaya na 'yan shekarar farko ya ninka wannan adadi. A Nuwamban 1980 aka yi bikin yaye ɗalibai na farko, mutum 72. A 1988 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma takenta kalma ɗaya ce tak: Iƙra, wato yi karatu. A 2025 ta cika shekara 50.

Shugabanta na farko shi ne Farfesa Shehu Galadanci, masanin Larabci daga Kano, wanda daga baya ya zama jakadan Nijeriya a Saudiyya. Bayansa Farfesa Mahdi Adamu ya karɓa, masanin tarihi ɗan Ngaski, wanda a 1978 ya fitar da littafi kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Duk mai son sanin yadda fatakenmu suka kai Gwanja, suka kafa zango-zango har bakin teku, da wuya ya tsallake wannan littafi. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga, ya shugabanci jami'ar daga 2004 zuwa 2009, kuma a 2019 shi ne ya zama shugaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 74. Mutumin da ya zauna a ofis a Dundaye, shi ne ya riƙe guduma a birnin New York yana ba shugabannin ƙasashe damar magana. Wannan kuma ba labarin TikTok ba ne.

Amma kada a ɗauka daga 1975 ilimi ya fara a garin nan. Sunan da jami'ar ke ɗauke da shi na malami ne da ya rubuta littattafai masu yawan gaske. Babban ɗakin karatunta yana ɗauke da sunan ƙanensa, Abdullahi Fodiyo, gwanin tafsiri da nahawu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan tarihi, kan mulki, har kan likitanci. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya dawo Sakkwato a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Bello har da littafin lissafin Iƙlidis na Girka da aka fassara zuwa Larabci, sai ya tarar Bello ya riga ya san littafin. Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana horar da jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Abin da yau ake kira karatu daga nesa, ita ta yi shi ba waya ba intanet. Sai Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, wanda a wurinsa Bature Murray Last ya zo ya durƙusa ya ɗauki karatu kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967.

Abin da nake so ka lura da shi a nan: duk waɗannan mutane babu wanda ya yi karatu don a ɗauke shi aiki. Sun yi ne don suna da tambayoyi, kuma al'ummarsu na da matsaloli da ke buƙatar amsa.

Dutsen da muke takawa

Yanzu mu dawo gida Kalambaina. In ka tambayi yaro a unguwar nan me aka san mu da shi, zai ce siminti. Gaskiya ne. Tun 1962 aka kafa kamfanin simintin Arewa, a 1967 ya fara aiki da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 2018 aka buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5, a Janairun 2022 kuma aka buɗe wani mai tan miliyan 3. Amma me ya sa a nan? Me ya sa ba a Gusau ko Argungu ba?

Saboda dutsen farar ƙasa da ke kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu. Kuma ga abin da mafi yawanmu ba mu sani ba: sunan Kalambaina yana cikin littattafan masana duwatsu na duniya. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da suka raɗa wa sunan garin nan, kamar yadda suka raɗa wa wasu sunan Dange, Wurno, Gwandu da Dukamaje. Ɗalibi a Jamus ko Faransa da ke nazarin duwatsun Afirka ta Yamma zai iya rubuta Kalambaina a jarabawa, alhali bai taɓa shan furar Sakkwato ba.

Masanan sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, inda muke zaune muna shan shayin nan teku ce. Wani reshen teku ne mara zurfi da ya ratso Sahara, kuma dutsen da ake fasawa a yi siminti, tarin ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru suka daskare. Shi ya sa in ka duba dutsen da kyau za ka iya ganin siffar kwanson dodon koɗi da makamantansu a jikinsa. A yankin nan ne aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da masana daga Italiya suka sanya wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Akwai kuma wani tsohon kada da aka kira Sokotosuchus.

To, ga tambayata gare ka, ɗan uwa. Sunayen na garuruwanmu ne, ƙasar tamu ce, duwatsun namu ne. Su waye suka yi yawancin binciken farko? Baƙi. Sun taso daga nesa, sun sha rana, sun tono, sun auna, sun rubuta, sun samu digirin digirgir da suna a duniya. Mu kuma muna zaune a kan abin muna cewa boko damfara ce.

Wannan shi ne aikin jami'a, Baba mai shayi. Wuri ne da ake koya wa mutum ya kalli abin da kowa ke takawa ya wuce, ya tsaya ya ce: mene ne wannan, ya aka yi ya zama haka, me za a iya yi da shi? Kafin a kafa masana'antar da dubban mutane ke cin abinci a jikinta, sai da wani ya fara yin wannan tambayar a kan dutse. Direban tirela, mai lodi, dillalin siminti, mai sayar da abinci a bakin ƙofa, har da mai shayin da ke tsokanarmu, duk suna cin albarkacin binciken wani ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Koyarwa rabi ce, bincike rabi

Mu a nan mun ɗauki jami'a kamar babbar sakandare: a zo lakca, a kwafi handawut, a haddace, a juye a jarabawa, a manta. Amma tsarin jami'ar zamani ba haka aka gina shi ba. Tun da aka kafa Jami'ar Berlin a 1810 bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, ra'ayin shi ne malami da ɗalibi su haɗu suna neman abin da ba a riga an sani ba. A Amurka, wata doka ta 1862 ta ba jihohi filaye don su kafa jami'o'in noma da sana'a, waɗanda aikinsu shi ne su warware matsalar manomin yankinsu. Ƙasar Holland tana cikin manyan masu fitar da albasa a duniya, har Senegal da Kwaddibuwa ake kai albasarta. Bayan wannan nasara akwai binciken noma irin na Jami'ar Wageningen.

Ka ji fa, albasa! Mu da muke da fadamar Rima, muke da Aliero a Kebbi, muke da Galmi a tsallaken iyaka. Kowace shekara manominmu na zuba albasa a rumbu, zafi da danshi su ruɓar da wani kaso mai yawa kafin farashi ya tashi. Wannan ba matsalar addu'a kaɗai ba ce, matsalar bincike ce. Wane irin rumbu ne zai ba iska hanya? Wane iri ne ya fi jure ajiya? Yaushe ya kamata a daina ban ruwa kafin cira? Tambayoyi ne da ɗalibin noma ko na injiniya zai iya ɗauka a matsayin furojet ɗinsa.

Kuma kada a ce ba a yin komai. A cikin jami'ar nan akwai cibiyar binciken makamashi da aka kafa tun 1982, tana aiki a kan hasken rana, busar da amfanin gona da murhu mai rage cin itace, tun zamanin da yawancinmu ba mu taɓa jin kalmar sola ba. Akwai tsangayar likitan dabbobi, a yankin da ke da jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a Turai shekaru aru-aru da sunan fatar Maroko, don kawai ta Maroko fatake ke bi da ita. Akwai asibitin koyarwa da marasa lafiya ke zuwa daga Kebbi, Zamfara har Jamhuriyar Nijar. Akwai cibiyar nazarin Hausa da ta nazarin addinin Musulunci. A cikin garin nan kuma akwai asibitin yara masu cutar noma, cutar da ke cin fuskar yaran talakawa, wadda sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Ba da surutu aka kai ga wannan ba, da alƙaluma da hujjojin da likitoci da masu bincike suka tara ne.

Matsalar ita ce tsakanin jami'a da gari akwai kogi. A zahiri ma akwai shi: in za ka mazaunin dindindin sai ka tsallaka Rima ta wajen Kwalkwalawa. Waɗanda suka yi wayo a 2010 za su tuna lokacin da ambaliya ta cinye gadar hanyar a watan Satumba, jami'a ta yanke daga gari, karatu ya tsaya. An gyara waccan gadar. Amma ɗaya gadar, wadda za ta ɗauko abin da aka gano a ɗakin gwaje-gwaje ta kawo wa manomi, makiyayi da ɗan kasuwa, har yau ba ta da ƙarfi. Bincike na fita da Turanci a mujallun da ba mai karantawa sai malamai, don neman ƙarin girma. Shi ya sa Baba mai shayi bai san me ake yi a ciki ba. Laifinsa ne? A'a.

Inda mai bidiyo ke da gaskiya

Ba zan zo nan in yi muku daɗin baki ba. Haushin da matasa ke ji yana da tushe.

A 2020 yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 9. A 2022 ya sake cin wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga karatun shekara huɗu ya yi shida. Wasu sun yi aure a tsakani, wasu sun kama sana'a ba su koma ba, wasu kuma shekarun neman aikin da kamfanoni ke gindayawa sun wuce su suna zaune a gida. Kuɗin makaranta ya tashi, kuɗin mota ya tashi, kwanon gari ya tashi. Akwai ɗalibin da ke shiga lakca da cikinsa ba komai tun safe, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ka gama da ƙyar, ka yi bautar ƙasa, ka dawo ka tarar aikin gwamnati sai wanda ya san wani. Kana kallon abokinka da ya bar makaranta tun sakandare ya sayi mota da kasuwancin waya. Wa zai ce kada ranka ya sosu?

Ita ma ƙasa ba ta riƙi bincike da muhimmanci ba. Tarayyar Afirka ta sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Nijeriya ba ta kai nan ba. Ba don asusun TETFund ba, wanda shi ma gwagwarmayar malaman jami'a ce ta haifar da tushensa a farkon shekarun 1990, da gine-gine da yawa a jami'o'inmu ba su tashi ba. Ƙwararrun likitoci da malamai na ta ficewa zuwa Saudiyya, Ingila da Kanada. Duk wannan gaskiya ne.

Amma lura da kyau. Duk abin da na lissafa hujja ce cewa an yi wa ilimi riƙon sakainar kashi. Babu ɗaya a ciki da ke nuna ilimin kansa ba shi da amfani. In rijiyar unguwa ta ƙafe saboda ba a yashe ta ba, ba za ka ce ruwa damfara ne ba. Kuma ka tambayi kanka: waɗanda ka ce sun lalata harkar, ina 'ya'yansu suke? Suna makaranta, wasu a Ingila, wasu a Masar, wasu a Malesiya. Ba za ka taɓa jin ɗan babban mutum yana cewa boko damfara ce ba. Wannan waƙar, ɗan talaka kawai ake koya wa ita. Ranar da za a raba muƙamai, a ɗauki injiniyoyi, a naɗa alƙalai, za a ce kawo takarda, sai a ce yaranmu ba su cancanta ba. Sannan mu koma Facebook muna kukan an mayar da mu saniyar ware.

Inda mu ma muke da laifi

Yanzu bari in taɓo namu, kuma da kaina zan fara. Lokacin da nake aji uku, akwai kwas ɗin da ban taɓa buɗe littafinsa ba. Tsoffin tambayoyin jarabawa na haddace, na ci, har da sakamako mai kyau. Yau in ka titsiye ni ba zan iya gaya maka abu biyu daga kwas ɗin ba. Wa ya damfari wa? Ni na damfari kaina, na damfari mahaifina da ya biya kuɗin.

A jami'o'in ƙasar nan, kowa ya san yadda harkar furojet ta koma. Dama ɗaya tak da ake ba ɗalibi ya yi bincike na kansa, ita ce muke sayarwa. A je shagon kwamfuta a biya kuɗi, a ɗauko aikin wani daga wata jiha, a goge sunan garinsu a sa namu. Yanzu kuma abin ya ƙara sauƙi: a ba ChatGPT take, cikin minti biyar ya zubo babi biyar, har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. A buga, a yi masa bango mai kyau, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp, "Alhamdulillah, an kammala." Me aka kammala?

Wanda ya yi haka ya fito da takarda, amma bai fito da ilimi ba. In ya je neman aiki aka ce rubuta wasiƙa ya kasa, sai ya dawo ya ce boko damfara ce. Gaskiya ita ce, takardar da ba ilimi a bayanta, ita ce damfarar. Kuma mun fi kowa sanin wanda ya haɗa ta.

Ba ina cewa a guji fasahar zamani ba ne. Wayar da ke hannunka ta fi duk ɗakin karatun da ɗalibai 93 na farko suka gani yawan littattafai. Yi amfani da ita ta fayyace maka abin da ba ka gane ba, ta gyara maka Turanci, ta nuna maka hanyar lissafi. Amma ba za ta iya zuwa Kwalkwalawa ta zauna da manomi ba. Ba za ta iya ɗebo ruwan rijiyar unguwarku ta auna ba. Ba ta san abin da kakarka ta sani game da tarihin gidanku ba. Wannan ilimin yana nan a ƙasa, ba ya intanet, kuma in ba kai ka ɗauko shi ba, wani baƙo zai zo ya ɗauka, kamar yadda aka yi da duwatsunmu.

To me za mu yi?

Ga ɗalibi: zaɓi furojet daga ƙofar gidanku. In kana kimiyyar sinadarai, auna ruwan da unguwarku ke sha a rani da damina. In kana tattalin arziki, bi buhun albasa ɗaya daga gona zuwa Legas ka ga a hannun wa ribar ke tsayawa. In kana tarihi ko Larabci, je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, akwai rubuce-rubucen hannu da ke jiran mai karantawa. In kana Hausa, ɗauki rikoda ka zauna da tsofaffi, domin Sakkwatancin da suke yi yana tafiya tare da su. In kana kwamfuta, gina abin da ɗan kabu-kabu ko mai sayar da fata zai iya amfani da shi da Hausa. Ƙaramin aiki na gaskiya ya fi ƙaton kundi na sata. Kuma irin wannan aikin ne ke buɗe ƙofar tallafin karatu a waje, domin abin da suke tambaya shi ne: me ka taɓa ganowa da kanka?

Sannan riƙe sana'a. Babu inda aka ce mai digiri ba zai yi ɗinki, gyaran waya ko haɗa sola ba. Malaman da suka kafa daular nan sun yi karatu, sun kuma ci da guminsu. Karatu da sana'a ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya haɗa biyun shi ne ba ya zama yana shan shayi bashi. In kuɗi ne matsalar, akwai asusun bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Karanta sharuɗɗansa da kyau, ka yi shawara da manya, kafin ka ce ka haƙura da gurbinka.

Ga 'yan uwana mata: ku kuna da hujjar da ta fi ta kowa. Garin Nana Asma'u ne wannan. Duk wanda ya ce muku karatun mace baƙon abu ne a Sakkwato, bai san Sakkwato ba. Asibitocinmu na buƙatar likitoci mata, makarantunmu na buƙatar malamai mata, kuma ba daga sama za su faɗo ba.

Ga malamanmu, cikin girmamawa: Allah ya saka da alheri, mun san a wane hali kuke aiki. Amma ku taimaka ku tsallako kogin nan. Abin da kuka gano, ku faɗe shi da Hausa, a rediyo, a Facebook, a gajeren bidiyo. In masu ilimi suka bar dandalin, masu naɗe gyaɗa a takardar digiri ne za su cike shi, kuma su ƙannenmu za su saurara.

Ga masu hannu da shuni da masu masana'antu: gina masallaci da rabon abinci a azumi alheri ne babba. Ɗaukar nauyin ɗakin gwaje-gwaje ko binciken ɗalibai goma a kan matsalar garinku shi ma sadaka ce mai gudana.

Ga mu 'yan soshiyal midiya kuma: lokacin zaɓe in ɗan takara ya zo, kafin a karɓi data da hula, a tambaye shi nawa ya ware wa ilimi, kuma ina tallafin karatun ɗaliban jiha ya kwana.

Jiya na sake haɗuwa da ƙanen abokin nawa. Ban yi masa doguwar nasiha ba. Wani ɗan dutse na ba shi, fari-fari, mai zanen kwanso a jikinsa. Na ce masa wannan daga ƙasar garinmu ya fito, kuma halittar teku ce. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Yaya, teku a Sakkwato? Ya aka yi?"

Na ce masa amsar tana Dundaye, akwai sashen da ba abin da suke yi sai wannan. Ya sa dutsen a aljihu. Ban sani ba ko zai je ya yi rajista, wannan tsakaninsa da iyayensa ne da Ubangijinsa. Amma ya yi tambaya, kuma daga nan karatu ke farawa.

Kai fa, mai karatu, wace tambaya ce ke kwance a ƙofar gidanku da ba wanda ya tsaya ya yi? Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu amfanar da garuruwanmu da shi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.